Bulon da Baba Ya Ƙi

Ko da zan manta ranar da na sauka Sudan, ba zan manta daminar da ta ci gidan Baba a Alhilla Kuku ba. Yanzu furfura ta rufe mini kai, amma duk lokacin da hadari ya haɗu ta gabas sai na ji gabana ya faɗi.

Daga Katsina na zo da kan keken ɗinkina, da niyyar in yi shekara ɗaya in tara ɗan abin da zan tara in koma. Zaman Hartum ya fi ƙarfin tela, don haka na yi abin da baƙi ke yi, na tsallake gada na nemi ɗaki a Kuku, kullum in bi bas zuwa shago a Bahri. Maigidan da ya ba ni ɗaki, wato Baba, tsoho ne Bahaɗeje, ni kuwa Bakatsine, ai ka san an gamu. Tun ranar farko ya ce ya samu bawa, ni kuma na ce na samu mai yi mini gadin ɗaki. Da wannan tsokanar na samu uba a ƙasar da ban san kowa ba.

Yana saurayi ya baro gida da mahaifinsa a ƙafa, za su Makka. Guzuri ya ƙare a Jazira, suka tsaya tsinkar auduga, mahaifin ya rasu a can. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya binne matarsa, amma in ka tambaye shi sai ya ce shi a kan hanya yake. Irin tsofaffinmu na nan haka suke, ba sa yarda a ce sun zauna. Shi ya sa ba ya gini da jan bulo. Gidansa na jalus ne, wato ginin laka, kowace shekara a yaɓe shi da zibala, laka da kashin dabbobi, kafin ruwa ya sauka. A ƙarƙashin gadonsa akwai wani akwatin ƙarfe, a ciki haramin mahaifinsa ne, farin yadi ƙyalle biyu, yana jiran ranar tashi.

Babban ɗansa direba ne a wata masana'anta a Bahri. Ganin bangon ɗakin tsohon ya tsage har hannu na shiga, ya sayo jan bulo mota guda, aka jibge a ƙofar gida. Wallahi ranar na ga fushin da ban taɓa gani ba. Ɗan ya yi magiya da Hausa, Hausar ta ƙare masa ya koma Larabci, har ya durƙusa yana kiransa Yaba, wato baba.

"Yaba, bangon nan ba zai kai ƙarshen damina ba."

"Matafiyi ba ya gina bulo," in ji tsohon. "Ranar da na kwana a ɗakin bulo, na gaya wa Allah na fasa."

Ni ma na sa baki, da yake bakina ba ya shiru. Na ce Baba, wace irin tafiya ce wannan da har jikoki suka yi gemu ba a ɗaura kaya ba? Ya dube ni, ba dariya a fuskarsa, ya tambaye ni shekara nawa na ce zan yi da na zo, kuma yanzu shekara nawa ke nan matata na jira a Katsina. Bulon nan ya zauna a waje, awaki na hawa suna sauka.

Sai ruwan ya zo. Ƙasar da ba ta saba da ruwa mai yawa ba, ran nan aka wuni ana zubawa kamar da bakin ƙwarya, washegari ma bai ɗauke ba. Lungunan Kuku suka zama kogi, kana tsaye sai ka ji rim, gidan wani ya zauna. Bayan azahar muka ɗauko Baba, ni da ɗansa, kusan da ƙarfi, muka kai shi masallacin unguwa, don shi kaɗai ne ginin da ake da tabbas a kansa. Muka koma taya maƙwabta fitar da yara da buhunan dawa.

Ashe da muka juya baya ya tuna akwatin. Wata mata ce ta gan shi yana ratsa ruwa da sandarsa, ta yi ta kira bai waiwayo ba. Kafin mu iso ɗakin ya rufta. Da hannu muka tono shi, rai ya riga ya yi halinsa, laka har cikin gemunsa, ya rungume akwatin a ƙirji. A ƙofar gida kuwa bulon nan na jibge yadda aka sauke shi, ruwa ya wanke shi fes, ko ɗaya bai motsa ba. Ɗan ya zauna a kai yana kuka irin na manya, wanda ba sauti. Ni dai ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan yammacin ba.

Da aka zo suturta shi, babu likkafani. Hanyar kasuwar Bahri ta yanke, shagunan unguwa duk sun jiƙe. Liman ya ce a buɗe akwatin. Haramin nan na ciki a naɗe cikin leda, ko ɗigo bai taɓa shi ba, sai ƙanshin daɗewa. Aka miƙo mini, tunda ni ne tela. Na auna shi a jikin Baba, na ƙara da wani farin yadi da ya tsira a ɗakina. Yadin da aka ɗauko daga Haɗeja don Arfa, a maƙabartar Kuku ya tsaya.

Bayan sadakar bakwai ɗan ya ce in kwashe bulon, shi ba ya iya kallonsa. Da shi na tayar da ɗakina na farko a ƙasar nan, na aika aka kawo mini matata kafin wata daminar.

Abin da na koya shi ne, niyya tana zuciya, ba a bango take ba. Baƙo ya riƙe begen gida ko na Makka yadda ya so, amma inda yake kwana yau ya gyara shi, don ruwa ba ya tambayar ko kai mai wucewa ne. Allah Ya jiƙan Baba, Ya rubuta masa hajjin da ya mutu yana riƙe da kayanta.