Alkawarin da Zacharia Ya Yi a Coci

Zacharia mutumin ƙauyen Bahuli ne, amma a kasuwar hatsi ta Mubi aka san shi, inda ya daɗe yana sayar da masara da dawa. A shekarar 2014, da 'yan bindiga suka shigo gari, ya gudu da ƙafa tare da matarsa Winifred, suka bi duwatsu suka nufi iyakar Kamaru. Kwana uku ba su sa komai a baki ba, sai wata tsohuwa da ko yarenta ba sa ji ta miƙa musu kunu a ƙwarya.

Bayan sun dawo, ranar Lahadin godiya, ya miƙe a coci yana hawaye, ya ce muddin yana raye babu mai jin yunwa da zai zo shagonsa ya koma hannu wofi. Da zuciya ɗaya ya faɗa, kuma coci cike take.

Da farko abin ya yi masa daɗi. Kasuwa ta buɗe, aka zaɓe shi dattijon ikilisiya. Duk ranar da Fasto Nehemiah ya yi wa'azi a kan dukiya da tawali'u, sai ya nuna bencin da Zacharia ke zama, kowa ya waiwayo.

Daga nan ya rasa sakewa. Ya taɓa sayen sabon babur, ya ji wata mata a ƙofar coci tana cewa ashe mutumin Allah ma ya fara son duniya. Kafin mako ya zagayo ya sayar da shi. Damina uku rufin ɗakinsu yana yoyo, ya ƙi canzawa don kada a hango sabon kwano yana ƙyalli. Hatsi ya yi tsada, masu zuwa suka ƙaru, har da magidanta daga ƙauyen Vimtim da ya san rumbunansu a cike suke.

"Maigida," in ji Winifred, "ni ma ina cikin waɗanda Yesu ya ce a duba. A kan gadona ruwa yake zuba."

Ya je ya sami faston a gida. "Fasto, hannuna yana bayarwa, zuciyata tana zagi. Ban ma sani ba ko Allah nake tsoro ko bakin mutane."

Faston ya ce, "Baba, Allah bai ɗaure ka ba. Amma in ka janye, mutum nawa za su yi sanyi? Da sunanka nake ƙarfafa su."

Duk da haka Zacharia ya ƙudura cewa washegari, duk wanda ya fara zuwa, zai ce masa babu. Sai ga Salome, wata tsohuwa mai riƙon jikoki huɗu, da kwanonta a hannu.

"Yau babu, Mama," ya ce, ga buhuna jibge a bayansa.

Ta dubi buhunan, ta ɗan rusuna. "Ba komai, Baba. Ai ka yi mana da yawa." Ta tafi.

Ba a jima ba ɗaya daga cikin magidantan Vimtim ya iso, yana yi wa Zacharia kirari da ƙarfi a gaban sauran 'yan kasuwa. Zacharia ya auna masa mudu biyu.

Da la'asar ya rufe shago, ya ɗauki masara a leda ya shiga unguwar Lamorde, inda ya taɓa jin Salome take, yana neman gidanta. Shekara shida tana zuwa wurinsa, bai taɓa tambayar inda gidanta yake ba. Ya zaga har rana ta faɗi, ya dawo da kayansa.

Yanzu shekarunsa sittin da uku. Buhunan shagon ba su kai rabin na da ba, amma kullum yana buɗewa, yana aunawa. Salome ba ta ƙara zuwa ba. Da ya tambaya, aka ce masa yanzu wurin Malam Lawali take zuwa, wani mai gero a layin baya. Tun daga ranar, in zai tafi gida, sai ya zagaya ta ɗaya ƙofar kasuwar, don kada ya bi ta layin bayan.