Baba Seidu da Kajinsa

Da safen nan ina cikin trotro, motar haya, za ni Ayigya, Rabi 'yar Baba Seidu ta kira ni. Baba Seidu ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Waɗanda suka san ni sun san aikina: gida-gida nake bi a zango ina ɗiga wa kaji maganin rigakafi a ido. Gida ɗaya ne aka hana ni taɓa ko kaza guda, gidan Baba Seidu. Tsohon fita ne, makanikin mota, a garejin Suame Magazine. Da ya ajiye sufana sai ya kama kiwo a bayan gida.

Ranar da na fara zuwa masa ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "'Yata, ciwo in ya zo ya ɗauki rabonsa. Wadda ta tsira ita ce uwar garke. Jini nake kiwo, ba kaji ba."

Na ce, "Baba, kafin jinin ya yi ƙarfi akurki ya zama kango."

Dariya ya yi, ya aika a sayo mini koko da ƙosai.

Shekara da shekaru muna wannan gardama. Amma ranar da aka ɗauke wuta, a firjinsa mai janareta nake ajiye maganina. Shi ne kuma yake bi ƙofa-ƙofa yana cewa, "Ku kamo kajinku, Dokta ta zo." Ni ba dokta ba ce, shi kaɗai yake kira na haka.

Na taɓa tambayarsa don me yake tura mini mutane alhali bai yarda ba. Ya ce, "Bazawara mai kaza biyu ba ta da ƙarfin jira. Ni ina da shi."

Shekarar da ciwon ya yi tsanani, kajinsa suka yi ta faɗuwa. Na same shi yana haƙa rami, idonsa ja. Na karɓi shebur ɗin daga hannunsa. 'Yan kaɗan da suka rage su ne suka sake cika gidan. Har yau ban san wa ya fi gaskiya tsakaninmu ba.

Ganinmu na ƙarshe a asibiti ne, can Bantama. Ya rame sosai. Ya riƙe hannuna ya ce, "Yaran nan kowa da aikinsa. Ki kwashe kajin, kada su ƙare a tukunyar wani."

Na ce, "Ka san fa zan ɗiga musu."

Ya ce, "Ki ɗiga wa rabinsu. Rabin ki bar mini."

Na yi masa alkawari.

Ɗazu na shiga gidan. Tsakar gida cike da masu gaisuwa, kajin kuwa suna tsaye bakin ƙofar ɗakinsa suna jiran hatsi. Ni na watsa musu. Sun daɗe kafin su matso.

Wa zai ƙara yi mini gardama ya kuma ciyar da ni?

Allah Ya jiƙan Baba Seidu, Ya yalwata masa kabari, Ya sa ya huta, Ya ba Rabi da 'yan uwanta haƙuri. Bayan la'asar za a kai shi. Don Allah, duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, ya yi masa Ƙulhuwallahu.