Mai Kifin da Ke Karanta Takardar Ƙunshi

A kasuwar Illo akwai wata mai sayar da busasshen kifi, doguwa, da tabarau mai ƙafa ɗaya da ta ɗaure da zare. Daga harshenta, 'yar tsallaken Benin ce, wataƙila ta taɓa karatun Faransanci kafin ta bari. Kamar sauran masu kifi, da tsoffin littattafan 'yan makaranta take ƙunshi. Amma ita ba ta yaga shafi sai ta karanta shi, tana bin layi da yatsa.

Wata ran kasuwa, Malam Ɗanmusa yana tsaye gabanta, ya kasa taya kifin. Ya gane rubutun da ke cikin littafin da take karantawa. Na 'yarsa Zuhura ne, wadda ta rasu wata huɗu da suka wuce. Bayan sadakar arba'in dangi suka kwashe ɗakinta, bai san inda littattafan suka nufa ba. Wannan na Turanci ne, cike da irin su "I'd waited for" da "she'd gone to", kowanne da jan maki.

Matar tana furta su a hankali. Sai ta ajiye littafin, ta jawo tsohuwar jarida don ƙunshi.

"Wanga ba ni yaga shi, Malam," in ji ta. "Shi ka koya mini Turanci. Zuhuran nan ta iya rubutu!"

"Ɗiyata ce. Allah ya yi mata rasuwa."

Ta yi salati, ta goge hannu a zane, ta miƙa masa littafin da hannu biyu.

"Riƙe, baiwar Allah," in ji shi. "Na gode."

Ran kasuwa ta gaba ya kawo mata ƙamus ɗin Zuhura, wanda shi kaɗai ya rage a gidan.