Hoton da Ya Cinye Iƙamar Baba

Wata Juma'a cikin zafin Riyad, ina 'yar aji biyar, Baba ya taka kujera ya sauke hoton da ya fi ƙauna daga bangon ɗakinmu na Manfuha. Shi ne a ciki tare da wani mai laccar zaburar da matasa, ɗan garinmu, wanda ya tashi da tallar ruwa har ya zama mai cika ɗakin taro. Da ya zo Riyad, Baba ne ya yi ta yawo da shi kyauta. Baba direban gida ne, kuma kullum in zai kai 'ya'yan kafil, wato ubangidansa Balarabe, makaranta, ni ina can baya, muryar mutumin ce ke tashi a mota: "Talaka ma yana da gobe!" Har wasa muke da ita a saman bene in an aike mu shanya, ni ce mai lacca, ƙannena 'yan tafi.

Sai mutumin ya samu wurin zama a Turai, ya saki bidiyo yana cewa salla ce ke cinye wa talaka lokaci, azumi kuma wahalar banza. Baba har hawaye ya yi da ya gani. Amma maƙwabtan da yake cin shinkafar kabsa tire ɗaya da su ko tambayarsa ba su yi ba. Wani cikinsu, Allah ya isa, ya tura wa kafil bidiyon haɗe da hoton.

Kafil, wanda iƙamarmu, takardar izinin zama, ke hannunsa, ba ya jin Hausa, Larabcin Baba kuwa na kan titi ne. Ni aka tsayar tsakiyar falo. "Yalla ya binti, tarjimi," in ji kafil, wato in fassara masa. Na dubi Baba, ya ce, "Faɗa masa, Uwata, kada ki rage komai." Da bakina, bakin da ke hadda, na maimaita ƙazantar ƙaton da ke kwance lafiya a Turai. Na ƙara da cewa Babana bai taɓa barin salla ba. Kafil ya ce ai muryar nan aka yi ta ɗura wa 'ya'yansa. Bai sabunta mana iƙama ba, muka tattaro.

Yanzu a Kano, in na hau shanya, saman benen nan nake tunawa. Mutumin ya nemi afuwa, ɗakin taro ya sake cika masa. Baba da bai ce komai ba, har ya rasu babu wanda ya nemi afuwarsa.