Ranar da Bakana Ya Faɗi a Lyon

Shekarun baya, lokacin ina zaune a La Courneuve, a gefen Paris, ina aikin jera kaya a wani babban sito, na shiga koyon harbin baka irin na Japanawa. Abokina ne ya ja ni, wani Bakano da ke aikin jinya a Paris. Ni kuwa Badamagare ne, kun san abin da ke tsakaninmu da Kanawa. Ko gaisuwa ba ma yi sai an haɗa da tsiya.

Abin da ya riƙe ni a wurin shi ne tsari. Karatuna bai wuce kolej ba, amma ni mutum ne da ba ya son a sa na biyu gaban na ɗaya. Su kuma harbinsu mataki takwas ne, ba a tsallake ko guda. Ka kafa ƙafafu. Ka daidaita jiki. Ka ɗora kibiya. Ka ɗaga baka sama da kai. Ka ja. Na shida, ka tsaya cak da tsirkiya a jaye, kibiya tana taɓa kuncinka, ka yi ta riƙo har numfashi ya kwanta. Na bakwai ka saki. Na takwas ka tsaya yadda kake, kamar ba ka yi komai ba.

Bakwai na iya su sarai. Na shida ne ya gagare ni.

Kakana maharbi ne a ƙauyenmu, gabas da Damagaram, kuma shi ya fara sa mini baka a hannu. Koyarwarsa guda ce: da ka ja, ka saki, don zabo ba ya jiran ka gyara tsayuwa. Hannuna ya haddace wannan fiye da yadda kaina ya haddace komai. Da tsirkiya ta iso kusa da kunnena sai in ji kibiya ta tafi, ban ba ta izini ba. Abin haushin, tana samun faifan da ake bara, wanda ke can nesa taki talatin da wani abu.

Malamarmu wata dattijuwar Bafaranshiya ce da ta yi shekaru a Japan. Ba ta ɗaga murya. Shekara uku tana gaya mini in riƙe, ina cewa to. Da aka tashi gasa a Lyon ta sa mu uku a ekip ɗaya, wato rukuni guda, ni da abokina da wata mata malamar lekol. Sai ta kira ni gefe ta ce, "Na sa ka don ka daɗe kana jira. Amma in ka saki da wuri a gaban mutane, in mun dawo ba za ka ƙara harbin faifai ba. Za ka koma damin haki har sai na ce ya isa."

Damin haki shi ne inda sababbin shiga suke koyo. Taki biyu ne tsakaninka da shi, ko makaho ba zai kuskure ba. A mayar da ni can, da furfurata, bayan shekara uku? Satin nan duka ban zauna wuri ɗaya ba. A sito in ɗauki kwali in ajiye, in sake ɗauka. A gida in miƙe tsakiyar cin abinci in ja iska da hannu ina ƙirga. Matata ta ce, "Malam, ko dai ka zauna ko ka fita, kana sa mini jiri."

Ranar tafiya muka kutsa metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da bakunan da suka fi mu tsawo, muna ta ba mutane haƙuri. A cikin jirgin ƙasa ma na kasa zama. Abokina ya ce, "Kai Badamagare, kujerar nan da kuɗi aka biya ta. In ba ka so, ba ni in sayar."

"Ka ji Bakano. Ko a lahira sai kun kasa kaya."

Malamarmu ta ga halin da nake ciki, sai ta shiga ba mu tarihi, ina jin don ta kwantar mini da hankali. Ta ce a zamanin da, a birnin Kyoto, akwai wani dogon ɗakin ibada mai baranda, inda mayaƙa suke gasa. Mutum ya zauna a wannan ƙarshen, ya yi ta harbi yini da kwana, a ga kibiya nawa za ta ratsa barandar har ƙarshe ba ta taɓa rufi ko ginshiƙi ba. Gwanayensu dubbai suke harbawa.

Nan na samu hujja. Na ce, "To Madam, wanda ya harba dubbai a yini da kwana, yaushe ya tsaya riƙo? Ashe irin nawa ne na asali."

Abokina ya tuntsure da dariya. Ita kuwa ta ce, "Suna saki da sauri don sun ga dama. Kai fa, ka ga dama ne?"

Na tashi na tafi duba bakunanmu, waɗanda babu abin da ya same su.

A wani zauren wasanni aka yi gasar, a gefen gari. Kowa kibiya huɗu. Muka shiga a jere, muka ɗan sunkuyar da kai na gaisuwa, ni ne na ƙarshe a layi. Wurin tsit, ba ka jin komai sai ƙarar tsirkiya. Kibiyar farko na ja, na ce a raina ɗaya, kafin in ce biyu ta tafi. Ta samu. Ta biyu haka. Ta uku haka. Uku cikin uku, amma bayana yana gaya mini inda malamarmu take zaune.

A ta huɗu na ƙudura ko hannuna zai tsinke sai na riƙe. Na damƙe tsirkiya da ƙarfi, yatsa yana son buɗewa ina hana shi. Rabina ya saki, rabina ya ƙi. Tsirkiya ta tsula mini a kunne kamar bulala, kibiya ta faɗi a rabin hanya, baka ya kuɓuce daga hannuna ya bugi daɓen katako. Ƙarar ta cika zauren.

To, su Japanawa ko faɗuwar baka da tsarinta. Ba ka rarumowa. Ka durƙusa, ka matsa a natse ka ɗauko, ka koma gurbinka, ka sunkuyar da kai na neman afuwa ga waɗanda ka dama wa lissafi. Na yi su ɗaya bayan ɗaya, kunnena yana zafi kamar an zuba barkono. Da kibiyar nan guda aka fitar da mu.

Muka kamo hanyar dawowa har muka yi nisa. Can malamarmu ta ce, "Yau abu ɗaya ka yi daidai tun daga farko har ƙarshe. Ɗaukar baka daga ƙasa." Ta ƙara da cewa, "Talata, damin haki."

Na yi niyyar in bari. Sati biyu ban je ba, ina ta kai da kawo tsakanin ɗaki da falo. A na uku na ɗauki bakana na koma, na tsaya a layin waɗanda ba su san hagu da dama ba. Wata goma na yi a wurin.

Har yau in na tuna ina jin kunya kaɗan, amma ba ta faɗuwar baka ba. Na daɗe ina gyara wa mutane jeri, a wurin aiki da a gida, ina yi musu faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ashe babban yatsana na dama ma ba ya jin maganata. Tun daga nan na rage faɗa. Ban daina ba, na rage.

Ranar da malamarmu ta ce in koma faifai, na bi matakan nan, na iso na shida, na tsaya. Na ji yatsan yana roƙo, na bar shi yana roƙo har ya gaji. Sannan na saki. Kibiya ta nutse a cikin tudun yashin da aka kafa faifan a jikinsa, taƙi guda ƙasa da faifan.

Ina fita na kira abokina, don ranar yana wurin aiki. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Tsaya in gane, bawana. Da kana samu. Ka yi wata goma kana koyo, yanzu ka kuskure. Shi ne ka kira ni in taya ka murna?"

Na ce, "E. Wannan ni na harba ta."