Ruwan da Ƙanena Ya Tatso Daga Iska

Ƙanena mai fentin motoci a Gummi ya kafa injin da ke sanyaya iskar kwamfuresa, na'urar da ke hura iskar feshin fenti, yana tatse danshinta, don kada ruwa ya ɓata fenti. Kullum yakan murɗa famfon ƙasansa ya zubar da ruwan da ya taru.

Wata rana ya taro mini a kofi, ya ce, "Yaya Malam, wanga ruwa ana alwala da shi?"

Na ce sai na duba littattafai. Na yi ta jinkiri har Allah Ya karɓi ransa.

Bayan sadakar arba'in na buɗe shagon, na murɗa famfon. Ruwan ya fito ja da tsatsa, yana warin mai. Hukuncinsa ya bayyana, amma babu wanda zan faɗa wa.