Akori-kurar Malam da Ƙadangaren Iya

A gidanmu na Tiga ba a hura wuta don tatsuniya, wutar ta kifi ce. Iya, kakata ta wajen uba, sana'arta bandar tarwaɗa. Da an idar da sallar magariba za ta ja 'yar kujerarta gaban ramin banda, ta jera kifi a kan ragar ƙarfe, ta tura ɗanyen itace don hayaƙi ya yi kauri. Mu jikoki sai mu kewaye ta muna zubar da hawaye, ita kuwa ko ƙifta ido ba ta yi. Na rantse akwai ranar da hayaƙin nan ya kori sauron unguwarmu kaf, sai a Bebeji aka ji labarinsu. Wanda kuwa ya zauna a wajen, ko ya ƙarar da sabulun gidan, kyanwa ba za ta daina bin sa ba.

Ni ne babba a cikin jikokin da ke gidan, don haka ni ne angonta. Kullum sai ta tsokane ni kafin ta fara.

"Mubarak, angon banza, miji ba cefane. Matso ka riƙe min mafici."

"Amarya ba haƙori," in ce da ita, "wa zai yi miki cefane?"

Sai ta ɗaga muciya, in kauce, yara su bushe da dariya. Daga nan ta gyara zama ta ce, "To, ga wata nan ta taso daga bakin ruwa." Mu kuma mu amsa, "Ta tsallako mu ji."

Bayan ramin bandar, a gindin darbejiya, akwai tsohuwar akori-kurar Malam, kakana. Iya ta ce motar nan ce ta kwashe kayan rabin ƙauyenmu lokacin da ruwan dam ya tashe su: turame, awaki, har da wata tsohuwa da ta ƙi sauka daga kan gadonta, aka ɗora ta da gadon. Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa ganin motar ta motsa ba. Tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji suna ƙwai a mazaunin direba, ɓeraye sun cinye wayoyinta tas kamar taliya.

Ina shekara sha huɗu na yi wani dogon hutu a Kwanar Dangora, a garejin wani mai rewaya, wato mai haɗa wayoyin wutar mota. Na dawo gida ina jin ko jirgin sama ne ya mutu zan tayar da shi. Wata rana da la'asar na cusa kaina a cikin bonet ɗin akori-kurar, sai na ji an ja ƙafata. Baffa Sule ne, yayan mahaifina marigayi, ɗan farin Iya. A Doguwa yake zaune yana fataucin masara, amma yana yawan leƙo mu.

"Kai, ɗan ƙanena, me kake nema a cikin mushe?"

"Baffa, ba mutuwa ta yi ba, suma ta yi."

Ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa ƙarfenta. Sannan ya dafa kafaɗata.

"To mu tashe ta, ni da kai. Ni in kawo kaya, kai ka kawo ƙwaƙwalwa. Motarmu ce mu biyu. Ranar da ta tashi kai ne direba, ni a baya zan zauna da awaki."

Tun rasuwar mahaifina babu babban da ya taɓa ce min "ni da kai". Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Baffa bai yi wasa ba. Ya samo injin wata bas da ta yi hatsari, aka kawo a amalanke, bakanike da mai walda suka dasa shi. Sauran kuwa nawa ne. Ni na ce ba motar tsofaffi za mu yi ba. Na sa aka datse salansa don in ta yi gurnani a ji ta a Kiru. Na kankare tsatsa har tafin hannuna ya zama kamar bayan kada, na yi mata jan fenti, na zana harshen wuta a gefen bonet, ko da yake Iya ta ce ita ganyen albasa take gani. Na roƙo hon ɗin tirela a gareji.

Babban aikin shi ne wayoyi. Na fizge tsofaffin gaba ɗaya, na fara sabo daga kan batir. Matsalar ita ce Baffa ya sayo waya dami guda, duk baƙa, ba ka bambance ta fitila da ta hon. Sai na shiga ɗakin Iya na samo tsofaffin zannuwanta, na yayyage su siri-siri, ina ɗaura wa kowace waya ƙyalle: ja na batir, kore na fitila, mai ɗigo-ɗigo na sigina. Da ta gani ta kama haɓa.

"Zanin da na je Kano da shi ka yaga? Wallahi ka sake ni, ba na auren ɓarawo."

Gwajin farko na danna hon, waifa ta share gilashi. Na taka birki, fitilar gaba ta kashe min ido ɗaya. Na murɗa makulli, fis ya yi tau, hayaƙi ya tashi, girata ta hagu ta riga ni zuwa lahira. Na kwance komai na sake bi waya-waya, ina kwance a ƙarƙashin motar tun daga dawowa makaranta har a kira magariba, ƙasa tana zuba min a baki. Rani ya wuce, damina ta shigo ta same ni a wajen.

A cikin kwanakin nan ne Iya ta zo mana da wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba.

Wai Ƙadangare da Zalɓe ne suka tsinci wani tsohon kwalekwale a kife a bakin ruwa, duk ya huje. Zalɓe ya ce, "Abokina, ni ƙafafuna sun yi tsawo, ba na iya shiga ƙarƙashi. Kai ne Allah ya yi wa siraran yatsu. Shiga ka toshe ramukan, ni in riƙa kawo maka danƙo. In ya hau ruwa, gaba za ka zauna." Ƙadangare ya shige ƙarƙashi. Ya toshe, ya toshe, har kansa ya yi ja don zafin rana, shi ya sa har yau kan namijin ƙadangare yake ja. Shi kuwa Zalɓe, kafin ma ya kawo danƙon farko, ya riga ya bi tsuntsayen bakin ruwa ɗaya-ɗaya, ya ce, "Ruɓaɓɓen katakon nan, kun bar min?" Kowa ya ce, "Ɗauki mana, me za mu yi da shi?" Ranar da aka gama, suka tura kwalekwale ruwa, Zalɓe ya hau, ya ce, "Af, igiya tana ɗaure a turke. Sauka ka kwance mana." Ƙadangare ya sauka ya kwance. Yana ɗago kai, Zalɓe ya yi nisa.

Nan Iya za ta juya kifi, ta rage murya. "Shi ya sa in kun ga ƙadangare a kan katanga yana gyaɗa kai, cewa yake, na gane, na gane. Amma ganewar bayan kwalekwale ya tafi, ta me ce?" Sai ta tafa hannu. "Ta ƙare a kan tarwaɗa, wanda bai tauna ba ya haɗiyi ƙaya."

Muka yi dariya, ni har da kwaikwayon gyaɗa kan ƙadangare ina birgima a tabarma. Bayan 'yan kwanaki ta sake kawo ta. Ta kuma sakewa. Yara suka fara ƙorafi.

"Iya, wannan kin yi mana!"

"Na yi muku," ta ce, "ban yi wa mai kunnen ƙashi ba."

Na ce, "Amarya, tsufa ne, tatsuniyoyinki sun ƙare." Ba ta ɗaga muciya ba. Ta dai dube ni ta cikin hayaƙi, ta ci gaba da fifita wuta.

Wata Asabar da hantsi, bayan an girbe masara, motar ta tashi. Na murɗa makulli ta yi tari, ta yi atishawa, sannan ta saki wani gurnani da ya sa kajin gidan suka tashi sama kamar tantabaru. Ladan ya fito daga masallaci a guje yana zaton dam ne ya fashe. Na danna hon, hon ya yi. Na kunna fitila, fitila ta kama, duka biyun. Unguwa ta cika gidanmu, aka rushe dangar baya don mota ta sami hanya. Ina zaune a mazaunin direba, hannuna a kan sitiyari, Baffa yana gefena yana ta "Masha Allah".

Na sa giya, mota ta ƙi gaba.

"Af," in ji Baffa, "dutsen nan da muka tare taya da shi. Sauka ka cire mana, ni in riƙe birki."

Na sauka. Na durƙusa na ja dutsen da hannu biyu. Ina ɗagowa na ga Baffa ya matsa mazaunin direba. Ya leƙo ta taga ya ce, "Bari in ɗan gwada ta a kwalta, titi ba na yara ba ne." Ta fita ta inda aka rushe danga, yara suna bin ta da ihu, ni ina tsaye da dutse a hannu.

Na zauna a bakin titi har azahar. Na koma bayan la'asar. Duk motar da ta taso daga nesa sai in miƙe. Gwaggo Hansai, ƙanwar mahaifina da ta zo daga Tudun Wada kwana biyu, ita ta zo ta same ni.

"Wa kake jira? Ai Yaya ya wuce Doguwa, masara za ta riƙa ɗauka."

"Gwaggo, motarmu ce fa, ni da shi."

Ta dube ni da tausayi. Ta ce lokacin da aka raba gadon Malam an raba gonaki da gida, ba wanda ya tuna da mushen mota. Tun kafin a kawo inji Baffa ya bi 'yan'uwansa gida-gida da goro, ya ce su yafe masa rabonsu a cikin gwangwanin nan, a gaban shaidu. Kowa ya yafe yana dariya. Ni kuwa mahaifina ya riga Malam rasuwa, ko ƙusa ɗaya ba ni da ita a ciki.

"Har Iya ta yafe masa tumuninta na gadon," in ji ta. "A gabana aka yi."

Wannan ce ta fi dukana. Da magariba ban zauna a tabarma ba, na tsaya a kan Iya.

"Iya, kin sani."

Ta ci gaba da jera kifi.

"Kin sani tun farko, kina kallona ina cin ƙasa a ƙarƙashin mota. Me ya hana ki ce, Mubarak, Baffanka zai cuce ka? Kalma nawa ce?"

Ta ajiye mafici. "Kai yaro, tun da aka haife ka, ka taɓa jin sunan Baffanka a bakina? Ɗan fari ne. Ko yabonsa ban taɓa yi a gaban mutane ba, sai aibinsa zan buɗe baki in faɗa wa jika? Na faɗa maka da bakin da nake da shi. Sau nawa na faɗa?"

"Tatsuniya kika yi!"

"Kai kuma ka yi birgima."

Na so in yi dariya, kuka ya riga ta fitowa. Ta miƙo min kan tarwaɗa mai zafi, wanda kullum muke faɗa a kansa, na ƙi karɓa. Har aka shiga sanyi ban koma wajen wutar ba.

Yanzu shekarata sha bakwai. Ina gyaran waya a ranakun da ba makaranta, kuma kafin in taɓa ko fis sai na tambaya motar ta wa ce, wa kuma zai tafi da ita. Akori-kurar tana nan tana aiki a hanyar Doguwa, an ce tun daga nesa ake gane kukanta. Baffa yana zuwa da sallah, in durƙusa in gaishe shi, ya ce, "Injiniya!" in ce, "Na'am, Baffa." Bai taɓa tayar da maganar ba. Abokaina suna cewa in manta, ai na koyi sana'a. Su ba su kwanta a ƙarƙashinta ba.

Iya kuwa na daɗe ina auna ta. Wani lokaci in ga ta yi iyakar abin da kunya ta bar ta ta yi, tsohuwa ta zauna ta ƙirƙiro tsuntsu da kwalekwale don kawai ta ceci jikanta. Wani lokaci kuma in ga kunyar nan ɗanta ta rufa wa asiri, ni ta bar ni a rana. Har yau ban yanke hukunci ba, kuma mun koma tsokanar juna kamar da.

Na koma zama wajen banda, sai dai ba irin zaman da ba. Ƙannena suna buɗe baki suna dariya, ni ina bin fuskokin mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya. Shekaranjiya ta fara wata sabuwa, ta ɗan bunsuru da aka yi ta ba shi dusa yana murna. Tana cikin yi ta ɗago ta dubi wajen da muke zaune ni da ƙanena Sadiku. Ya ƙyalƙyale da dariya. Na ƙwace mafici daga hannunsa na ce, "Rufe baki ka saurara, wawa. Da ɗayanmu take."